Fadamar da Ta Hau Kan Tudu

Ƙannena, musamman ku da karatu ko neman halali ya kai ku Ingila, akwai wani wuri da nake so ku taka da ƙafarku kafin Allah Ya maido ku gida. Tudu ne a arewacin ƙasar, a yankin Cumbria, ana ce masa Cross Fell, kuma duk jerin tuddan Pennine babu wanda ya kai shi. Tsayinsa mita 893 ne in an auna daga bakin teku. Na san abin da ɗan Jos zai ce in ya ji wannan adadi, tunda garin Jos kansa yana zaune a kan mita 1,200 da ɗoriya, Chappal Waddi na Taraba kuwa ya kai 2,419. Abin da na ce ke nan ni ma a raina lokacin ina ɗalibi a Leeds, kuma wannan rainin ne ya kusa sa mu kwana a can wata ranar Nuwamba, kwanan da ba lallai ne mu tashi ba.

Ku fara da sanin irin ƙasar. A wurinmu tudu busasshe ne, ruwa kwari yake bi, fadama tana ƙasa. In damina ta yi ƙarfi kan tudu ake gudu. A can fadamar ce ta hau kan tudu ta yi zamanta. Iskar yamma tana kwaso ruwa daga Tekun Atilantika ta juye shi a kan tuddan ba rani ba damina, rana kuwa ba ta da zafin da za ta busar da shi. Ciyawa da gansakuka suna mutuwa amma ba sa gama ruɓewa, saboda ruwa ya toshe wa iska hanya, sai su yi ta taruwa wani kan wani har su zama wata baƙar laka mai taushi da mutanen wurin ke kira fit. A shekara guda kimanin milimita ɗaya kawai kaurinta ke ƙaruwa. In ka tsaya inda ruwa ya zaizaye ta ya bar gaɓa tsayin mutum, abin da ke gabanka ya girmi sarautar Bagauda a Kano.

Sannan babu itace. Ba kuka, ba gawo, ba suri, ba abin da za a ce maka in ka kai shi ka yi hagu. Gabanka da bayanka iri ɗaya ne. Inda ya fi kyau a ido, wani kore shar mai kama da dardumar masallaci, nan ne ya fi haɗari: gansakuka ce a kan ruwa, kana takawa sai ka nutse zuwa gwiwa. Ba ka jin komai sai iska, da wata irin jar fakara da kan tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarka har gabanka ya faɗi.

To me zai kai mutum irin wannan wuri? Na ga yaranmu da yawa sun shafe shekara uku ko huɗu a ƙasar, iyakar saninsu ɗaki, aji, wurin aikin dare, da kantin da ake sayar da manja. Hunturu ya zo, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, mutum ya shige bargo da waya a hannu yana kallon bikin da ake yi a gida ba shi. Ƙunci ba ya sallama in zai shigo. Ni abin da ya fara sassauta mini shi doguwar tafiyar ƙafa ce, wadda za ka gaji har tunani ya daina sassaƙar wuri ɗaya. Kuma mu ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun taka daga Kano zuwa Gwanja neman goro, wasu sun nufi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, har zuriyarsu na nan a bakin kogin Nilu. Bai kamata wuni guda a kan ƙafa ya gagari jikokinsu ba.

Wani zai ce ai wannan harkar Turawa ce. Ku sani su kansu talakawan Ingila ba a ruwan sanyi suka sami wannan fili ba. Masu ƙasa sun killace tuddai don farautar fakarar nan, suka zuba masu gadi da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, wasu ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikata daga Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan ba da izini ba, wani saurayi mai suna Benny Rothman yana gaba. Aka ɗaure biyar. Sai a 1965 aka buɗe hanyar ƙafa ta Pennine mai tsawon mil 268, wadda ta bi ta kan Cross Fell, dokar da ta ba kowa damar yawo a buɗaɗɗun tuddai kuwa sai a 2000, kuma ba ta ce ban da baƙo ba. Yanzu ma ga ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, maza da mata suna fita tare. Ƙanwata, wannan magana har da ke.

Ga yadda tamu ta kasance. Mu biyu ne, ni da wani yaro ɗan Zariya da bai fi wata biyu da zuwa ba, wanda yayansa ya damƙa mini amanarsa. Muka hau jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Appleby, muka kwana a ƙauyen Dufton da ke gindin tuddan. Da safe gari ya waye garau. Muna hango wata ƙatuwar farar ƙwallo a kan tudun Great Dun Fell, rumfar na'urar da ke lura da zirga-zirgar jiragen sama, sai ka ce miƙa hannu za ka yi ka taɓa ta. Hangen Dala dai ba shiga birni ba. Ba mu bar ƙauyen ba sai wajen goma saura, muna sanye da wandon jins, rigar sanyi ta auduga da takalman yawon gari. Taswirarmu tana cikin waya.

Akwai lissafin da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Daga Dufton zuwa ƙololuwar kimanin kilomita 13 ne, hawan kuma in an haɗa duka ya kusa mita 900, don sai ka hau tuddai uku ka sauka kafin ka fuskanci babban. Awa huɗu ke nan ba hutu, ga wanda ya saba. Rana kuwa a farkon Nuwamba wajen huɗu da rabi take faɗuwa. Da na zauna na yi wannan lissafin a daren, da na ga duhu zai same mu a hanya tun ba mu ɗaura takalmi ba.

Mun wuce farar ƙwallon, mun wuce tudun Little Dun Fell, muka sauka wani ɗan kwari inda kogin Tees ke fara ɓuɓɓugowa. Nan muka tsaya salla. Wayata ta riga ta mutu, sanyi ya zuƙe batirin, tasa kuma babu sabis. Sai na tuna da ɗan kamfas na duba alƙibla da Hajiyarmu ta sawo a Madina ta cusa mini a aljihun jaka ranar da zan taho. Ya nuna mana kudu maso gabas. Muka shimfiɗa leda a kan ɗaya daga cikin faffaɗan duwatsun da aka jera a hanya saboda laka. Da muka tsaya, Cross Fell yana ƙeyarmu, hanyar da muka biyo tana gabanmu ta ɗan karkata dama. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin.

Muna kaiwa saman, wanda fili ne mai faɗi na gajeriyar ciyawa da duwatsu, sai gajimare ya iso. Kada ku kwatanta shi da hazonmu na hunturu. Hazo busasshe ne, ko ya yi kauri kana ganin rana kamar farin faifai, ka san gabas da yamma. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana lasar fuska, yana taruwa ɗigo-ɗigo a gashin ido, kuma haskensa ɗaya ne ta ko'ina. Cikin minti biyar abin da muke gani bai wuce taku goma sha biyar ba. An jera tsibin duwatsu a kan hanya don irin wannan rana, amma akwai tazara tsakaninsu, muka bar ɗaya ba mu sami na gaba ba. Na ce mu miƙe, ai ƙololuwar na nan gaba kaɗan. Muka yi ta tafiya, ni a raina kamar an ja mana zare muke bi. Bayan kamar rabin awa sai ga tsibin duwatsu. Na yi hamdala. Da muka matsa, sai na ga sawun takalman yaron a lakar da ke gindinsa, sawun ɗazu, ruwa ya fara cika shi.

Sai na juya na dube shi. Tun daga farar ƙwallon nake tambayarsa, yana cewa, "Lafiya lau, Yaya." Na ce ko mu huta, ya ce, "Ba komai, Yaya." Yanzu da na dube shi da kyau, leɓensa ya yi toka-toka, wando ya manne masa a cinya, baƙar laka har gwiwa. Zif ɗin rigarsa a buɗe yake. Na ce ya ja shi. Ya kai hannu sau uku, yatsun suna zamewa, ya kasa kama ɗan ƙarfen. Ya ɗago ya ce mini, a hankali kamar mai magagin barci, "Ba komai."

Ƙannena, a kan wannan kalma nake so mu tsaya. An yi mana tarbiyya mai kyau: ba ka kukan gajiya a gaban babba, ba ka cewa kana jin yunwa a gidan mutane, ko a gadon asibiti kake aka ce ya jiki sai ka ce da sauƙi. A cikin gari wannan mutunci ne, kuma ba na so ku yar da shi. A kan tudu yana iya kashe mutum. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma cikin abubuwan da sanyi ke fara taɓawa har da hankalin da zai gaya maka kana cikin haɗarin. Sai karkarwa, sai tuntuɓe, sai harshe ya yi nauyi, sai shiru ko faɗa ba dalili. In karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, abin ya yi nisa. Ba sai ƙanƙara ta zuba ba, jiƙaƙƙiyar tufa da iska sun isa, auduga kuwa in ta sha ruwa ba ta bushewa a jiki. A watan Maris na 1964 wasu samari uku 'yan sikawut sun rasu a tuddan Peak District a gasar tafiyar da ake kira Four Inns, bayan ruwa da iska sun rutsa da su. Likitan da ya bi diddigin abin, Griffith Pugh, wanda ya yi aiki da ayarin da ya fara hawa Everest a 1953, ya gwada irin tufafinsu ya ga cewa in sun jiƙe kuma iska na bugawa, kusan duk ɗuminsu tafiya yake yi. Saboda haka kada ka tambayi abokin tafiyarka ya yake ji, ka riga ka san amsar da zai ba ka. Ka ce ya ɗaure igiyar takalminsa ko ya ja zif, ka zuba wa yatsunsa ido. Kai kuma ƙarami, in sanyi ya shige ka, buɗe baki ka faɗa. Babban da ya san abin da yake yi gode maka zai yi.

Na ja masa zif, na cire hulata na sa masa, na tsare shi sai da ya cinye sauran biredi, na ce mun fasa. Saura ina ne hanyar komawa. Jikina duka ya rantse mini tana hannun hagu. Ji nake na sani, irin sanin da ka yi wa ƙofar ɗakinka cikin duhu. Na fito da kamfas ɗin, na tuna yadda muka tsaya salla, tudu a ƙeya, hanya a gaba: in muka fuskanci alƙibla muka miƙe, dole mu faɗa inda muka fito. Allurar ta nuna wajen da ya kusa zama kishiyar inda zuciyata ke ja na. Na girgiza shi ko ya lalace. Na matsa gefe na sake dubawa ko wani ƙarfe ne a jikina ke ruɗa shi. Bai canja ba.

Ban taɓa yin tafiyar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba, kowane taku ina ji kamar ɗan mutane nake kaiwa halaka. Bayan kamar minti goma sha biyar ƙasa ta fara gangara, sai ga jerin faffaɗan duwatsun nan a ƙarƙashin ƙafarmu. Muka kai farar ƙwallon ana gab da magariba. Daga nan akwai kwalta da ke sauka zuwa ƙauyen Knock, hanyar ma'aikatan na'urar. Ita muka bi cikin duhu, hannunsa a kafaɗata, ina sa shi yana lissafa mini gidajen unguwarsu a Zariya ɗaya bayan ɗaya don kada ya yi shiru.

Daga baya na karanta cewa a 2009 masu bincike na Cibiyar Max Planck sun maƙala wa mutane na'urar bin sawu, suka sake su a wani babban kurmi a Jamus da kuma Saharar Tunisiya, aka ce su miƙe. Muddin suna ganin rana, kusan sak suke tafiya. Da gajimare ya rufe ta a kurmin, sai suka yi ta zagaye suna ratsa sawunsu ba su sani ba. Ko madugun ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ba da ka yake tafiya ba, yana da rana da taurari. Ɗan kuskure ne ke shiga kowane taku, in babu wani abu a wajen jikinka da zai gyara shi sai ya taru. Abin da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne mai zagayen ba ya jin shakka ko kaɗan.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a hau tudu da kamfas ɗin alƙibla. Dace ne Allah Ya yi mana, hanyar komawa daga wannan tudun ta zo daidai da kudu maso gabas. A wani tudun sai ta kai ka bakin gaɓa. Ku sayi kamfas na tafiya da taswirar takarda ta hukumar Ordnance Survey, mai ma'aunin santimita 4 a kan kilomita ɗaya, ku koyi aiki da su kusa da gari, ranar da sama ta yi haske, a hannun wanda ya iya. Sutura kuwa, ulu kusa da fata, rigar ruwa da wandonta a sama, hula da safar hannu ko a watan Yuni, takalmi mai rufe idon sawu. 'Yan mata, doguwar rigar auduga in ta jiƙe nauyi take yi tana naɗe ƙafa; akwai wandon ruwa mai faɗi da riga mai kaiwa gwiwa da ke suturta jiki sarai. Ku sa tocila, usur, filas ɗin shayi da dabino a jaka. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Ka yanke tun a gida ƙarfe nawa za ka juya, ka kai ko ba ka kai ba, domin a can sama zuciya ba ta iya wannan hukunci. In abu ya ɓaci, 999 ake kira a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto na kan tudu ake so. 'Yan sa-kai ne, ba a biyansu ko kwabo. In babu sabis, busa usur sau shida, ka dakata minti ɗaya, ka sake. Hukuncin haɗa salla da shafa a kan huffi kuwa, ku tambayi malamanku tun kafin ranar.

Akwai kuma ranar da ko da me ka zo ba a hawa. Cross Fell yana da iskarsa ta kansa, Helm, ita kaɗai ce iska mai suna a Birtaniya. Daga arewa maso gabas take tasowa, ta haye tudun ta rufto kan ƙauyukan kwarin Eden da ƙugi, wani lokaci kwana da kwanaki. Alamarta farin gajimare da ke zama a kan tudun kamar rawani. In ka ga rawanin nan daga ƙasa, sha shayinka a ƙauye ka koma.

Mun sake zuwa a watan Yuni, ni da yaron, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare. Ta ƙauyen Kirkland muka hau, ta wata tsohuwar turba da ake kira hanyar gawa, domin an ce a da ta nan mutanen Garrigill da ke ɗaya gefen tudun suke ɗauko mamatansu zuwa maƙabartar cocin Kirkland. Na yi ta tunaninsu a hanya, da makara a kafaɗa a kan wannan laka. Tumaki suna warwatse ko'ina, ba makiyayi ba shinge, amma kowace tana da yankin da ba ta wuce shi; a wurin uwarta ta koya, ita ma za ta koya wa 'yarta. Yaron ya ce ashe su ne 'yan gari.

Shi ke riƙe da taswira. A kowace mararraba sai ya tsaya, ya ɗora kamfas, ya faɗi inda muke kafin mu ci gaba. Da muka kai saman, filin da ya haɗiye mu a Nuwamba yana kwance a rana da gajeriyar ciyawarsa. A tsakiya akwai ginshiƙin masu auna ƙasa, da wata katangar duwatsu mai hannu huɗu, don duk inda iska ta fito ka sami gefen fakewa. Yamma ga tuddan Lake District a jere, ƙarƙashinmu kwarin Eden da gonakinsa, can arewa maso yamma ruwan Solway yana ƙyalli, bayansa ƙasar Sikotilan. Muka nemi tsibin duwatsun da muka zagayo muka koma. Ga shi can, ana ganinsa sarai daga inda muke zaune. Yaron ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Yaya, ranar nan fa ban ma san ina jin sanyi ba. Barci kawai nake ji."

A gangaren arewa akwai wani ɗakin dutse, Greg's Hut, a kan kimanin mita 700. Masaukin masu haƙar dalma ne a da. An gyara shi don tunawa da John Gregory, wanda ya rasu a hawan duwatsun Alps a 1968, kuma 'yan sa-kai ke kula da shi. Ba kwaɗo a ƙofar, ba mai gadi, ba kuɗin kwana. Ciki akwai murhu, da dakalin katako na kwanciya, da littafin da baƙi ke rubutu. Ya tuna mini da zauren gidan kakana, inda matafiyi ke sauka ba a tambaye shi daga ina ba sai ya ci ya sha. Tazararsa da inda muka ɓace ba ta kai kilomita biyu ba, kuma yana nan a kan taswirar da ba mu saya ba wancan karon.

Yaron ya ɗauki tsintsiyar da ke jingine ya share ɗakin. Muka bar kyandir biyu da ashana a kan taga, cikin leda don kada su jiƙe, muka kwashe sharar da wasu suka bari muka sa a jakarmu. Ya rubuta kwanan wata a littafin, ya ƙara da Hausa, "Mun zo, mun gode." Da muka fito na ja ƙofar na tabbatar ta rufu, saboda tumaki, muka kama hanyar Kirkland da sauran rana a sama.